Keken Da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Mai faci ne, ya san taya kamar tafin hannunsa. Da likita ya hana matarsa goyo bayan tiyatar haihuwa, sai ya tafi sayen keken jariri, don ta samu komawa shagon ɗinkinta. A kanti bai kalli launi ba. Kifa kekunan ya dinga yi yana murza tayoyinsu, har ya zaɓi mai manyan ƙafafu.

A gida keken ya ƙi wuce ƙofa.

"Maigida, tirela ka sayo mana?" in ji matar, tana dariya dafe da ciki.

Maƙwabcinsu kafinta ya leƙo, ya koma ya ɗauko guduma. "Matsa, angon ƙarni, ƙofar za mu faɗaɗa."

Mai faci ya riƙe masa katako, yana ta zuba godiya. Washegari ta tura ɗanta har shago.