Akwatin Eko da Zauren Kakana

Kai, na samo shi fa! Akwatin eko mai araha, mai sa murya da gitar su yi amsa-kuwwa. Uku mai shago ya jona mini, kowanne na yi tafi ɗaya a mikro.

"Samari, waƙa za ka yi ko korar tattabaru?" ya ce.

Marigayi kakana ya koya mini. A zaurensa mai sanyi a Birni, yakan tafa sau ɗaya ya ce, "Saurara, ɗan nema. Ɗakin kirki maido maka murya yake, ba ya cinye ta."

Na ukun ya amsa kamar zauren nan. A gida na kunna, na waiga in ce, "Kaka, ji!" Ba kowa.

Allah ya sanyaya makwancinsa. Ku fa, yaya kuke gwada naku?