Sunan wa kac ci?

Duk wanda ya san Kawu Nagungu, mai gyaran kwalekwale a bakin ruwan Yelwa, ya san baƙo ba ya tsira da sallama kaɗai. Kafin ka zauna ya ɗago kai: "Sunan wa kac ci? Mi yas sa anka sa maka shi?" Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma wallahi na sha kunya a kan wannan tambaya har na gaji.

Wani mai albasa daga Shanga ya kawo jirginsa gyara, ya ce sunansa Tanko. Kawu ya ce, "Yayyenka mata nawa?" Ya ce ai shi ne ɗan fari. Sai Kawu ya aje guduma. "Ɗan fari kuma Tanko? Ai sai wanda yab biyo mata. Koma gida ka tambayo." Ya ƙi taɓa jirgin. Kasuwa ta zagayo, ga bawan Allah ya dawo, ya ce ashe sunan kakansa ya ci. Kawu ya ce, "Yawwa, aro na. Kawo ƙusa."

Da aka ba mu sabuwar jiha, wani ma'aikaci ya zo rubuta masu sana'a, ya ce kowa ya ƙara sunan uba ko na gari. Kawu ya ce, "Rubuta Gungun Tsamiya." Ma'aikacin ya duba takardarsa ya ce babu wannan gari. Kawu bai yi musu ba, ya lallaɓa shi ya shiga kwalekwale, ya tuƙa har tsakiyar tafki, ya nuna ƙasa da filafili. "Ga masallaci, ga gidanmu. Ruwan dam ya ci garin, amma ni ban ba shi sunan ba." Mutumin ya ƙanƙame gefen jirgi, ya ce a maida shi tudu, har tsamiyar zai rubuta.

Ni kuwa Abarta ake ce mini, sunan da na tsana tun muna firamare saboda tsokana. Na tambayi Inna dalili, ta kau da kai. Na tambayi Kawu, mai bin diddigin sunan kowa, ya ce, "Naki ba na kasuwa ba na." Haushi kamar ya kashe ni.

Da zan cike takardar aikin koyarwa na gaya masa Hadizatu kawai zan rubuta, in huta. Ya dube ni ya ce, "Shiga jirgi."

Wuri ɗaya ya kai ni, inda ya kai ma'aikacin, amma wannan karon babu wasa a muryarsa. "Sani, Hauwa, Garba, Ladi. Yayyenki na, duk suna nan ƙasa, ba wanda yak kai yaye. Da anka haife ki, Innarki ta kasa roƙon komi. Ni nic ce, ya Allah wagga a bar ta. In kin goge shi, wa za ya tambaye ki har ki faɗi sunansu?"

Na yi kuka har muka iso gaɓa, shi kuma yana ta faɗa wai ina girgiza masa jirgi.

Hadizatu Abarta na rubuta. Duk ɗalibin da ya tambaye ni dalili, sai na lissafa masa su huɗun.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da waɗanda ya riƙe mana sunayensu, ya kira shi da mafi daɗin suna ranar tsayuwa. Amin.