Karatun Badamasi Masinja a Gindin Rumbu

Malam Badamasi, wanda mutanen Kurfi suka fi sani da Badamasi Masinja, ya rasu a daminar bara yana da shekara saba'in da biyar. Ba a yi sanarwar rasuwarsa a rediyo ba, domin bai taɓa riƙe muƙamin da ya wuce kaɗa ƙararrawa da kai wasiƙa ba. Ni kuwa na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, ɗalibaina sun kai dubbai, wasunsu yau suna karantarwa a jami'a, amma ban sadu da wanda ya girmama littafi kamar wannan bawan Allah ba. Shi ya sa na ga ya wajaba in rubuta abin da na sani game da shi, kuma zan bambance abin da na shaida da kaina da abin da aka ba ni labari.

A shekarar 1987 aka tura ni Kurfi a matsayin hedimastan wata makarantar firamare. A can na tarar da shi, dogo, siriri, mai saurin tafiya, ya riga ya shekara goma sha ɗaya yana aikin masinja. Bai taɓa kai wasiƙa inda ba a aike shi ba, saboda haka ban yi zaton komai ba sai ranar da na ba shi wasiƙu uku a lokaci guda. Ya sa ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, ya riƙe ta ukun yana juya ta, daga bisani ya cire hularsa ya jefa ta ciki, ya roƙe ni in maimaita masa wadda za ta je ina. A nan na gane cewa mutumin da ke ɗauke da duk takardun makarantata bai san harafi ɗaya na boko ba. Karatun allo ya yi, kuma ya riƙe shi da kyau, amma a nan ya tsaya.

Wata goma sha huɗu muka yi, rabin awa kullum bayan an tashi, a ofishina. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yana da wata makarantar: da safe, idan ya kaɗa ƙararrawa, sai ya je ya raɓe a bayan tagar aji ɗaya, inda yara ke bin malaminsu da babbar murya, yana bin su ƙasa-ƙasa. Tun daga can ya ɗauka cewa karatu aiki ne na baki da kunne. Na yi iyakar ƙoƙarina in koya masa karatun zuci. Har fensir na sa ya riƙe tsakanin leɓɓansa, kamar yadda aka koya mana a kwalejin horon malamai. Ya cire fensirin cikin ladabi ya ce mani idan bakinsa na rufe, baƙaƙen sai su koma masa kamar tururuwa a kan faranti, suna ta yawo ba sa cewa komai. Na haƙura. Har ya bar duniya, da murya yake karatu, yatsansa na bin layi.

Murya kuwa tana bukatar mai ji. Mai jin Badamasi ita ce matarsa Mardiya, 'yar garin Shema, wadda ba ta taɓa shiga aji ba kuma ba ta nemi shiga ba. Ta ce a gida ɗaya mutum ɗaya ya isa ya wahalar da idonsa.

Sharuɗɗan karatunsu sun fi na kowane ɗakin karatu da na sani tsanani. Sai bayan la'asar, zuwa lokacin da kaji suka fara neman makwanci. Sai an ba awaki dusa tukuna, don kada su katse shi. Sai an kashe rediyo. Shi zai zauna a tabarma, ya jingina da rumbu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ita kuma ba ta iya saurare hannunta na zaune, don haka za ta ɗauko ɓarar gyaɗa ko tsintar wake. Ya taɓa gaya mani cewa da ƙarar ɓawon gyaɗa yake auna littafi: idan tana ɓara da sauri, marubucin yana ɓata musu lokaci, idan hannunta ya tsaya cak, to, an zo wurin. Ba sa karatu a watan azumi, domin wannan lokacin na Alƙur'ani ne, ba sa yi kuma a kwanakin noman farko. A rana ba sa wuce shafi huɗu.

Dalilin wannan jinkiri na ji shi da kunnena. Wata rana na je gidansu na tarar an fara, ban so in katse ba, sai na zauna a zaure. Katangar ba ta da tsawo.

"Dakata, Malam," in ji Mardiya. "Matar nan da ta tafi kasuwa, ina ta baro jaririnta?"

"Ba a rubuta ba."

"Koma baya ka duba. Ba a barin jariri haka nan."

"Ke Mardiya, mai littafin ya fi ki sanin inda ya aje jaririnshi."

"Namiji ne ya rubuta, ko?"

"Namiji ne."

"Ai na sani. Ci gaba."

Na ji ya yi dariya har da tari, sannan ya koma farkon sakin layin, domin duk lokacin da aka tsayar da shi daga farko yake ɗaukowa.

Daga wurina yake aron littattafai. Bayan an canza mani wurin aiki, har zuwa lokacin da na yi ritaya na zauna a gidana na Dutsin-Ma, bai fasa ba. Yakan shigo bas ranar kasuwa, littafin na naɗe a leda, ledar kuma a cikin wani tsohon ɗankwalin Mardiya. Ina da rajistar da nake rubuta duk littafin da ya fita daga gidana. Sunansa ya fito sau sittin da ɗaya a cikin shekara talatin da uku. Ɗalibin jami'a zai iya raina wannan adadi. Amma a lokacin, in ban da na ƙarshen, ina iya ɗauko kowanne daga cikinsu in tambaye shi, ya ba ni labarin daga farko har ƙarshe, haɗe da abin da Mardiya ta ce a kan kowane mutum na ciki.

Na sittin da ɗayan ya karɓe shi bayan girbin shekarar 2021. Labari ne na wasu 'yan'uwa biyu masu haƙar rijiya da suka ɓata da juna, shafi ɗari biyu da shida. Sun kai shafi na ɗari da tamanin da bakwai sai ƙafafun Mardiya suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kawo ta asibiti a Dutsin-Ma aka ba ta gado. Autarsu Rahamatu, wadda ke aure a nan garin, ita ta zauna jinya. Badamasi ya sauka a gidana.

Kullum bayan la'asar, lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, sai ya sa littafin a aljihun rigarsa ya tafi. Kullum kuma ya dawo da shi bai buɗe ba. Ɗakin na mata ne, gadaje kusa da juna, kowane gado da masu jinya biyu ko uku, ga kwanukan abinci, ga 'yan dubiya. A cikin masu zuwa har da surukar Rahamatu, dattijuwa mai yawan lura. Rahamatu ce ta ba ni labarin abin da ya gudana a kwana na huɗu. Ta ce mahaifiyarta ta dubi aljihun Badamasi ta tambaye shi ko ya zo da mutanen nasu, mahaƙan rijiyar nan. Ya ce suna nan, sai an koma gida.

"Shafi nawa ya rage?"

"Sha tara."

"Kwana biyar ke nan, in ka rage tari," in ji ta. "Ni dai na gaya maka ba za su shirya ba. Wanda bai je sunan ɗan ƙanenshi ba, mi ya rage?"

"Za su shirya. Ciki ɗaya suka fito."

"To buɗe mu ji."

Ya dubi matan da ke kewaye, ya ce mata ta yi haƙuri, nan ba wurinsa ba ne.

Da ya dawo na ba shi shawara ya karanta mata ko da shafi ɗaya ne, ya sassauta murya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san muryata ba ta sassautuwa. Da furfurata in zauna tsakiyar matan mutane, gaban surukai, ina karanta ma matata labari? Kafin in koma Kurfi zancen ya riga ni." Ban matsa masa ba. Ni ma a cikin wannan kunyar aka rene ni, kuma likita ya ce ana sa ran sauƙi. Mardiya ta sake tambayarsa a kwana na bakwai, da na tara. Daga nan ba ta ƙara ba, domin maganar ta yi mata nauyi. A kwana na goma sha biyu, da hantsi, Allah ya karɓi abarsa. Muka raka ta Kurfi, aka yi mata sutura kafin la'asar. Allah ya jiƙanta.

Bayan sadakar arba'in ya zo mani da littafin. Ya ce ya gwada. Ya ba awaki dusa, ya kashe rediyo, ya jingina da rumbu, ya karanta layi uku, sai ya tarar bai san abin da ya karanta ba, kunnensa na can yana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Rahamatu ta je musamman ta zauna masa. Amma yarinya ce mai tarbiyya: ta naɗe hannu, ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Ya ce ta yi masa shiru kamar ana wa'azi, shi kuma bai iya wa'azi ba. Tun da ya iya karatu bai taɓa barin littafi bai kai ƙarshensa ba, kuma yana tsoron idan ya bar wannan, ya bar karatu ke nan.

Na ce ni zan saurare shi. Na shigar da shi ɗakin karatuna, inda nake samun natsuwa: tebur, kujera mai tsayayyen baya, ƙofa a rufe, labule a ɗage don haske ya zo ta hagu. Na zaunar da shi a kujerata, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ya rasa inda zai sa hularsa, sai ya bar ta a kansa. Ya fara karantawa. Ya ci layi shida ko bakwai. Sai na ga ya duƙufa har hancinsa na neman taɓa takarda, yatsan nan na jan ƙasan layi, kuma kafin in yi tunani bakina ya riga ya furta abin da ya furta wa dubban yara: na ce ya miƙe bayansa, ya ɗauke yatsa daga kan rubutu.

Nan take ya bi umarni, kamar yadda ya saba tun yana masinjana. Da yatsan ya tashi, wurin ya ɓace masa. Ya nema sama, ya nema ƙasa. Na ce ya mayar da yatsansa, kuskure na yi. Ya ce babu komai, ranka ya daɗe. Ya rufe littafin, ya naɗe shi a leda, ya ajiye mani a kan tebur, ya ninke ɗankwalin ya sa a aljihu. Ya ce in rubuta cewa ya dawo da shi. Na tambaye shi wanne zai ɗauka. Ya ce sai wani zuwan.

Shekara uku ya ƙara a duniya. Idonsa garau yake, yana zura zare a allura ba tabarau. Bai daina zuwa ranar kasuwa ba. Mukan zauna a ƙofar gida mu yi zancen ruwan sama, da tumatirin masu noman rani na madatsar ruwan Zobe, da tsofaffin malamanmu da ke ta raguwa. Sau biyu na fito da littafi na ajiye a kan tabarma tsakaninmu, wai ko hannunsa zai kai. Yakan matsar da shi gefe a hankali don kada shayi ya zuba masa. Daga baya na daina.

Zuwansa na ƙarshe ana gab da shuka ne. Na raka shi bakin titi, mun tsayar da mai keke napep da zai kai shi tasha, har ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya juyo.

"Ranka ya daɗe, mahaƙan rijiyar nan. Ka san ƙarshensu?"

Na ce na sani.

"Kada ka ba ni labarin. Abu ɗaya kawai nike so. Sun shirya?"

Na yi tunanin in ce masa sun shirya, domin babu ranar da zai buɗe ya gani. Amma ban taɓa gaya wa ɗalibi abin da ba ya cikin littafi ba. Na ce ba su shirya ba.

Ya gyaɗa kai. "Ashe ita ta gano," ya ce. "Tun wajen shafi na arba'in ta faɗa, ina ta yi mata gardama." Ya shiga ya zauna, ya gyara rigarsa. "Da na sani na karanta mata a asibitin nan. Kwana biyar ne kawai. Da sun yi dariyarsu sun gama."

Mai keken ya ja. Bayan mako shida Rahamatu ta kira ni a waya ta ce Baba ya cika, za a yi jana'iza ƙarfe biyu. Na isa Kurfi ana daidaita sahu. Allah ya gafarta masa, ya haɗa shi da Mardiya a gidan rahama.