Jitar Maiwada da Batirin da Aka Shanya a Rana

Ƙanena Maiwada manomin gero ne, kuma mai walda. Amma in ka shiga Kaura Namoda kana neman mai walda, sai a nuna maka mutum goma. Ka ce mai jita kawai, ko makaho zai kai ka ƙofar shagonsa.

Ni Balaraba, ni na goya shi, don haka ina da bakin faɗa. Tun yana ƙarami kunnensa ya fi hankalinsa girma. Da ya tasa, Baba ya kai shi koyon walda wurin wani Oga Fidelis, mutumin Binuwai da ya daɗe a Kaura. Ashe mun kai shi gidan kiɗa ne ba mu sani ba. Fidelis yana da jita ta katako. Ran Lahadi ya kaɗa a coci, sauran ranaku kuwa in aiki ya lafa da yamma sai ya kama tsofaffin kiɗan Turawa da ake kira rok, masu gudu kamar an koro su. Ya nuna wa Maiwada inda ake ɗora yatsu, ba su yi nisa ba mahaifin Fidelis ya rasu, dole ya kwashe iyali ya koma gida. Ranar tafiya ya miƙa wa Maiwada jitar da kaset ɗaya, ya ce, "Ka koyi kiɗan farko da ke cikin nan. In na dawo zan ji."

A ƙauyenmu Sakajiki muke a lokacin, babu wuta. Rikodar Baba da batir take aiki, kuma a gidanmu ba a yar da batir. In ya yi sanyi a shanya shi a kan danga ya sha rana, a ɗan ƙwanƙwasa shi da dutse, a mayar. Da irin wannan batirin Maiwada ya yi karatunsa. Kaset na juyawa a gajiye, kiɗa na fita a hankali da murya mai kauri, shi kuma ya sassauta tsirkiyoyin jitarsa har suka yi daidai da abin da yake ji. Wadda ta tsinke ya maye ta da wayar birkin keke. Na sha yi masa tsiya. Na ce kiɗansa kamar kukan saniyar da aka raba da ɗanta. Ko a jikinsa.

Daga baya rikoda ta cinye kaset ɗin, amma kiɗa ya riga ya zauna a yatsunsa. Da zaman ƙauye ya gagara muka dawo Kaura, ya buɗe shago, kullum bayan la'asar ya jawo benci ya kaɗa. 'Yan acaba suka haddace, masu shayi suka haddace. Matan unguwa kan daidaita tabaryarsu da shi in suna daka. Ni da nake zaginsa, da shi na lallashi 'ya'yana duka har suka yi barci.

Shekara ta fi ashirin, sai ga wata budurwa a ƙofar shago. Dooshima ce, 'yar Fidelis, wadda aka tafi da ita a goye. Aiki ya dawo da ita Kaura, a nan ta sami miji, a nan za a yi biki. Na kai wa Maiwada fura, ina tsaye ta ce, "Kawu, Baba yana zuwa. Ya ce kyautar da yake so a bikina ita ce ya ji kiɗan nan na farko."

Maiwada ya ɗauko jita da rawar jiki ya kaɗa mata. Ta saurara tana ƙifta ido. Can ta fito da waya ta ce, "Wannan ne Baba ya turo mini." Ta kunna.

Kiɗan ne, amma da gudu, da murya siririya, kamar an sa masa sabon jini. Na ga fuskar ƙanena ta faɗi. Bayan ta tafi ya ce, "Yaya, ashe duk shekarun ga kiɗan mataccen batir nika yi. Mi za ni hwaɗa ma Oga?" Wallahi tausayinsa ya kama ni har na kasa tsokanarsa.

Na zaci zai ɓoye jitar ya ce ba shi da lafiya. Ban san ƙanena ba. Ya sa aka tura masa kiɗan a waya, ya ɗaure tsirkiyoyi tamau, ya koma ɗan koyo da furfura a gemu. Yatsun da suka saba da tafiyar raƙumi yanzu an ce su yi sukuwa. Akwai wani wuri a tsakiyar kiɗan da jita ke tashi ita kaɗai tana hawa sama, nan ne ke kayar da shi kullum. Ya faɗi, ya koma farko. Wayar birki ta tsaga masa fatar yatsu, ya shafa man kaɗanya ya ci gaba. Masu kawo gyaran ƙofa suka gaji da jira suka fara kawo mini ƙara.

Ranar biki aka kafa rumfa a fili, rana tsaka, dangin amarya a gaba, mu 'yan unguwa mun cika baya. Fidelis ya tsufa, har da sanda. Aka kanga wa jita makirfo. Maiwada ya yi bisimilla a ransa, na ga leɓensa, ya saki hannu. Jama'a, yaron nan ya yi gudu! Da ya iso wurin da ke kayar da shi na riƙe numfashi, sai na ji ya haye ya sauka lafiya, ko tuntuɓe babu. Fidelis ya miƙe ba tare da sanda ba, yana tafi hawaye na zuba. Ya ce, "Ka cika alkawari, Maiwada."

Daɗi ya cika ni, amma kunnena bai ƙoshi ba. Na duba, 'yan acaba ma kallon juna suke yi. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Kai Maiwada! Wanga na baƙi na. Yi muna namu wanda munka sani!"

'Yan unguwa da ke baya suka ɗauka gaba ɗaya. Maiwada ya harare ni, kunya ta rufe shi, ya dubi ogansa. Fidelis ya ce, "Wane ne naku kuma? In ji."

Maiwada ya murɗa ya sassauta tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya fara a hankali, da muryar nan mai kauri. Mata suka kama tafi irin na daka. Maza suka bi da guna-guni a maƙogwaro, don babu wanda ya san Turancin waƙar, ba mu taɓa buƙatarsa ba. Amarya ta fito tana takawa, dangin Binuwai suka rufa mata baya, ƙura ta tashi a rumfar.

Da aka gama, Fidelis ya jawo kujera ya zauna kusa da shi. Ya karɓi jitarsa ta da, ya shafa wayar birkin, ya ɗora yatsu.

"Ba nan ba, Oga," in ji Maiwada. "Sauko ƙasa kaɗan. Kuma ka bar sauri."