Furar da Na Riƙa Ba Taubashina

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa, har sai in ajiye carbi in manta inda na sa shi. Amma akwai rana ɗaya da na san ba zan manta da ita ba har a sa ni a rami, ranar da aka zo haɗa bakan gizon soron wani Balarabe a cikin birni. A lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa Kano ba, jirgin ƙasa ya fara zuwa, 'yan kasuwa sun samu, kowa yana son a yi masa soro. Mu kuwa magina ne a Koki tun kakanni, kuma mahaifina shi ne babbanmu.

Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Daga bango biyu masu kallon juna ake fito da azara, a ɗaure, a shafe da ƙasa, a ƙara wata a gabanta, kaɗan-kaɗan har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Kafin su haɗu, mai ɗaurin yana zaune ne a can ƙarshe, babu komai a ƙarƙashinsa sai iska. Wanda ya iya wannan shi ake kira magini, sauran duk masu kwaɓa ƙasa ne da jifan tubali. A shekarar nan gwiwoyin Baba suka gaza, ya ce a soron Balaraben nan zai zaɓi wanda zai gaje shi a sama.

Mu biyu ne a gabansa, ni da ɗan gwaggona, taubashina, wanda muka tashi tare muna tsokanar juna. Shi siriri ne kamar sillen kara, ina kiransa Tsinke. Ni kuwa Allah ya yi ni da jiki, malmala huɗu nake tashi da ita ban ji komai ba, shi ya sa yake kirana Randa. A ko'ina cikin birni ƙiba abin yabo ce, alamar an ci an ƙoshi. Gidan magina ne kaɗai take zama laifi, kuma a nan Allah ya ajiye ni.

Baba ya sa aka ɗora azara ɗaya a kan tulin tubali biyu, ya ajiye wani tubalin a ƙasa daidai tsakiyarta. Taubashina ya hau ya wuce, da ƙyar ta motsa. Ni ina kaiwa tsakiya ta zauna daram a kan tubalin, ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Baba ya ce, "Sauko. Ba zan binne ɗa saboda soron wani ba. Saura wata biyu bango ya kai. In azara ta ɗauke ka ranar, ka hau. In ba ta ɗauke ka ba, ɗan'uwanka ya haɗa."

Ranar nan hassada ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Ni ne ɗan gida, na fi shi iya ɗauri, hannuna ya fi nasa sanin ƙasa, amma don kawai ba shi da nama a jiki zai zauna inda ubana ya zauna.

Inna, mahaifiyata, da ta ga na ture kwano sai ta zaunar da ni. Ta ce, "Ba a kokawa da yunwa, lallaɓa ta ake yi. Ka sha koko da safe, ka sha fura da hantsi, ka taɓa wani abu da azahar, tuwon yamma kuma ka tsaya a malmala ɗaya. A hankali jikin zai sauka." Na ce mata to, amma a raina na ce wata biyu gare ni, ba shekara ba. Sai na ɗauki tawa dabarar, in wuni ban sa komai a baki ba. Abin da ke faruwa kuwa, in magariba ta yi sai in faɗa wa tuwo kamar wanda aka sako daga kurkuku, in ci nawa, in leƙa tukunya. Bayan sati biyu na je na hau azarar nan a ɓoye, ta sake zama.

To, al'ada ce mai gini ya ciyar da maginansa da hantsi. Balaraben nan ba ya rowa. Kullum sai an fito da ƙwaryar fura da nono, ga gurasa mai zafi an barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli. Ni ina gefe na ɗaure ciki da ɗamara ina tauna goro, taubashina yana gabana yana ci har da lumshe ido, cikinsa kuma a shafe kamar bai ci ba. Wallahi har maƙogwaronsa nake kallo in yana haɗiya, ina jin kamar in shaƙe shi.

A nan shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce tunda ni nake sauka, me zai hana shi ya hau? Washegari na tura masa rabona, na ce, "Sha, Tsinke, kada iska ta ɗauke wa Gwaggo ɗa." Ya yi dariya ya shanye. Daga ranar kullum rabona nasa ne. Har Kurmi nake zuwa in sayo man shanu in zuba masa a gurasa. Kowace safiya kafin in amsa gaisuwarsa sai na duba wuyansa, ko ya fara ninki.

Bai yi ninki ba. Damatsansa ne suka cika, tubalin da yake jefawa da hannu biyu ya koma jefa shi da ɗaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya riƙa yawo da ni a baki. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Kun ga yayan nan nawa? Muna neman wuri ɗaya da shi, amma abincinsa yake ba ni. Irinsa ba su da yawa." Sai in yi murmushi, cikina yana kuka, zuciyata tana tafasa.

Da ya rage kwana uku na daina ko tuwon yamman. Ruwa da goro kawai. Ranar da bango ya kai na hau azara, ta lanƙwasa, ta lanƙwasa, ta tsaya saura tafin hannu ta taɓa tubalin. Baba bai kalli azarar sosai ba, idona ya kalla.

Ya ce, "Ka karya?"

Na ce, "Na karya, Baba."

Sai ya ce mu hau mu biyu, ni ta dama, ɗan'uwana ta hagu, wanda ɗaurinsa ya fi kyau shi zai haɗa.

Da hantsi aka miƙo mana fura har sama. Na ɗaga wa taubashina hannu na ce ya haɗa da tawa. Rana ta take, ana dab da azahar, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Na san ɗaurina ya fi nasa, na gani da idona, har na fara jin daɗi. Na sunkuya zan ja igiya ke nan sai kunnuwana suka toshe. Na ga mutanen ƙasa suna juyawa, igiyar ta zama biyu, ban san wadda zan kama ba. Daga nan sai na ji babu komai a ƙarƙashina.

Abin da ya dawo da ni hayyacina wata ƙara ce, ƙas, kamar an karya ɗanyen reshe. Ina lilo a sama, hannun taubashina na dama yana riƙe da tsintsiyar hannuna, ya harɗe azara da ƙafafunsa. Kafaɗarsa ce ta yi ƙarar. Bai sake ni ba har aka kafa tsani aka tare ni. Da aka sauko da shi, gumi yana zuba, hannun yana reto, sai ya dube ni ya yi yaƙe ya ce, "Randa, ka ga amfanin furarka. Da ba ka ciyar da ni ba, da ban iya riƙe ka ba."

Maɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun nan bai ƙara ɗaguwa sama da kai ba. Baba ne ya lallaɓa da gwiwoyinsa ya haɗa bakan gizon, kuma ya yi wata guda bai yi mini magana ba. Na koma wurin Inna na bi abin da ta faɗa tun farko, koko da safe, fura da hantsi, malmala ɗaya da yamma. Shekara ta zagayo azara ta ɗauke ni, kaina kuma a daidai. Na gaji Baba, na samu abin da nake so. Taubashina kuwa ya ƙare rayuwarsa a ƙasa yana kwaɓa mini ƙasa, duk sanda na leƙo daga sama ina ganin tsakar kansa.

Sai da muka yi furfura na iya faɗa masa gaskiya, wata rana muna zaune a zaure. Na ce, "Furar nan da nake ba ka, ba don Allah ba ne. So nake ka yi ƙiba azara ta ƙi ka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Yaya, ai tun kwana na uku na gane. Yaushe Randa ta taɓa ba da fura don Allah? Yunwa nake ji, na sha. Tun da babana ya rasu ba kullum ake ɗora tukunya a gidanmu ba, Gwaggonka ce ta hana a faɗa. Abin hantsin nan shi ne abincina na wuni."

Na ce, "To yabon da kake yi mini fa?"

Ya ce, "Na ce ko za ka ji kunya ka zama hakan."

Ashe ramar da na yi wata biyu ina masa hassada a kanta yunwa ce. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da kafaɗar wani. Mai son rage jiki ya rage loma, kada ya tsallake lokacinta, kuma kafin ka yi ƙyashin abin da ke jikin ɗan'uwanka, ka tambayi yadda aka yi ya same shi. Har na bar hawa, ban yarda wani ya taka mini tsani bai karya ba. In hantsi ya yi kuwa, ko ana tsakiyar ɗauri sai an sauko an sha fura, kuma ludayin farko na taubashina ne, da hannun hagu yake karɓa.