Ranar da Mijin Ƙanwata Ya Kai Mu Kallon Giwa

Sau ɗaya mijin ƙanwata ya taɓa zuwa Kenya, amma mu da muke Bagudo sai da muka shekara muna jin jiki. Ofishinsu ne ya tura shi bita a wani otal a Nairobi, shi da wasu. Ranar ƙarshe aka zuba su a mota aka zagaya da su gandun dajin bayan gari, suka ga raƙumin dawa da jakin dawa, aka maido su kafin la'asar. Iyakar abin ke nan. Amma mutumin da ya dawo mana ba shi ne ya tafi ba. Ya sauka da wata riga mai ruwan ƙasa wadda aljihunanta sun fi na tela yawa, da hula mai faɗi mai igiya a haɓa, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Da wannan shigar ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu.

Inna ba ta magana da shi kai tsaye. Surukinta ne, tun ranar da aka ɗaura aure gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma tana kallon gefe. Da ya durƙusa yana cewa ya dawo daga safari, sai ta juya wajen ƙanwata.

"Safara yat tahi? To mi yas saro?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, ba fatauci ba ne. Kallon namun daji sunka tahi."

Inna ta ce, "Allah shi kyauta," ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, don haka ni ya zaɓa ya riƙa yi wa karatu. Kullum bayan la'asar sai ya zo ƙofar gidana inda muke zama da abokai, ya gyara hula ya fara. Duk wanda zai je irin wannan ƙasa, in ji shi, sai da katin rigakafin shawara. Ba a sa farin kaya, ba a sa ja, sai mai kalar ƙasa, don kada dabba ta tsorata. Ba a fita daga mota. Ba a ɗaga murya. Watan Agusta ne lokacin zuwa, lokacin da wasu dabbobi masu kama da shanu ke tsallaka gulbi garke garke, kadoji suna cafkarsu. Shi bai ga wannan ba, a bangon otal ya ga hoton, amma yadda yake ba da labarin sai ka rantse ruwan ya fantsamo masa a riga.

Daga nan sai ya juyo kaina. "Malam, kun san akwai layin da ya raba duniya gida biyu? Ta cikin ƙasar ya ratsa. Akwai dutsen da ƙanƙara ke kansa, a nan Afirka! Ku a littafi kuke gani."

Abin da na yi shekara da shekaru ina zana wa yara a allo shi yake sanar da ni, kamar daren jiya aka gano shi. Tarihin ƙasar kuma abu ɗaya ya riƙe a ciki: wai lokacin da Turawa ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga bakin teku, zakuna sun riƙa ɗauke leburori suna cinyewa. Yakan ba da wannan yana dariya har da buga cinya. Ban taɓa jin ya tambayi ko su wane ne leburorin ba.

Wata rana ya zo da waya a hannu, yana haki. Ya gano cewa akwai gandun daji a arewacin Benin, nan maƙwabtanmu, mai giwaye da ɓauna. An haife shi a ƙasar Bagudo, ya girma yana cin shinkafar da ake shigowa da ita ta Illo, amma sai da waya ta faɗa masa ya san akwai giwa a tsallaken iyaka.

"Malam, muna zaune kan arziki ba mu sani ba! Kamfani zan buɗe. Turawa su sauka Sakkwato, in kwaso su, su kwana Bagudo, in tsallaka da su. Amma sai na fara zuwa na duba wurin da idona."

Na tambaye shi yaushe. Ya ce Agusta mana. Na ce masa Agustan can ba Agustan nan ba ne, mu damina ce tsakiyarta, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin zuwa bakin tafki a gan ta. Ya yi min murmushin da ake yi wa yaro. "Malam, bar wannan ga waɗanda suka je."

Da ba don Inna ba, da ban taka ba. Inna asalinta mutuniyar tsallake ce, Dandanci ne harshenta na fari. Kakanninmu suna can suna noma aka zo aka ja layi tsakanin Faransa da Ingila, rabin dangi ya faɗa nan, rabi can. Yayarta tana aure a wani ƙauye da ke gefen dajin, kan hanyar Kandi, kuma ɗanta babba ya rasu a kakar da ta wuce. Ciwon ƙafa ya hana Inna zuwa ta'aziyya, abin yana cinta. Da ta ji akwai mota mai tafiya har can, ta ce wa ƙanwata ta roƙa mata wuri. Ya amince da sauri, ina jin don ya sami mai yi masa tafinta. An faɗa masa gaisuwar mutuwa za ta, ya ce Allah ya ji ƙai, bai tambayi komai ba. Wannan kafin hanyar ta lalace da rashin tsaro ne, lokacin ana zirga-zirga ba fargaba.

Muka tashi da safe, mu huɗu, a wata tsohuwar jif da ya aro. Ya hana ni sa farar riga. Ya so ya hana Inna jan mayafinta ma, ƙanwata ta harare shi ya bari. Muka haye Kwara, ruwa ya cika ya yi ja, fadamun shinkafa shar har iyakar gani, masunta suna ta harkarsu a jirage. Bai kalli ko ɗaya ba. Yana tuƙi yana ba mu labarin wani tafki na Kenya mai jajayen tsuntsaye. Muka wuce Illo, muka isa iyaka. Ya fito da fasfo da katinsa na rigakafi ya miƙa wa jandarma da hannu biyu, ya gaishe shi da wata kalma ta Sawahili da ya haddace. Jandarman ya dube shi, ya dubi hular, ya leƙo mota ya gaida Inna da Dandanci, suka yi ta gaisuwa, ya ɗaga mana hannu muka wuce. Mijin ƙanwata ya ce, "Kun gani? Takardu ne. In takardunka sun cika ba mai tsayar da kai."

A Malanbil muka sha ruwa, muka kama hanyar kudu. Da muka zo mararrabar ƙauyen yayar Inna, ƙanwata ta ce ya tsaya mu fara sauke Inna. Ya ce ina! Dabba ba ta jiran mutum, in rana ta take sai su shige inuwa, ta'aziyya kuwa ba ta gudu. Inna ta bi mararrabar da kallo har ta ɓace.

Ƙofar gandun a rufe muka same ta. Wani ma'aikaci yana zaune a rumfa yana gyaran keke. Ya ce ba a shiga da damina, hanyoyin ciki duk sun zama taɓo, mu dawo da rani. Mijin ƙanwata ya yi masa Turanci, ya yi masa Hausa, ya nuna masa hotunan Nairobi a waya. Mutumin ya kalli hotunan da ladabi, ya ce suna da kyau, ya koma kan kekensa. Bayan ƙofar ba abin da ake gani sai ciyawa, kore shar, ta rufe komai. Mijin ƙanwata ya hau kan mota da madubinsa ya daɗe yana dube-dube. Abin da muka gani a ranar, zabin daji ne da suka gilma da gudu, sai wani damo a kan dutse. A gefen ƙofa akwai allo da aka zana giwa, fentin duk ya kaɗe. Ya ba ƙanwata waya, ya tsaya jikin allon, ya dafa hula, ya sa ta ɗauka ta sake ɗauka har sai da rubutun ya fita daga hoton, giwar kaɗai ta rage.

Rana ta yi tsaka muka isa ƙauyen. Yayar Inna ta tsufa ƙwarai, ta rame. Da suka haɗa ido suka rungume juna suna kuka ba sauti. Aka shimfiɗa mana tabarma a ƙarƙashin rumfa, aka kawo fura. Matar mamacin ta fito ta gaishe mu da goyo a baya, wasu yaran suna leƙe daga ɗaki. Aka yi addu'a. Tsohuwar tana jin Hausa, don haka saboda mu ta juya harshe ta faɗi yadda abin ya faru. Dawa ta nuna, giwaye suka fito daga daji suka shiga gonar ɗanta, kamar yadda suke yi kusan kowace kaka. Ya fita da gwangwani yana bugawa don ya kore su, abincin shekara ne. Wata mai ɗa ta juyo kansa. Tsohuwar ba ta ƙarasa ba, ta ja bakin zane ta rufe fuska.

Tun da muka bar ƙofar gandun mijin ƙanwata yake zaune kamar an yi masa mutuwa shi ma. Da ya ji kalmar giwa sai na ga ya miƙe zaune, idonsa ya kawo haske.

"Giwa? Har nan suke zuwa? Baba, gonar tana da nisa? Ana iya ganin sawunsu?"

Na taɓa masa gwiwa. Bai ji ba. Ya zaro waya, ya tashi ya zagayo gaban tsohuwar ya tsuguna.

"Baba, don Allah ki ɗan juyo nan wajen haske, ki sake faɗa daga farko, a hankali. Malam, kai ka riƙa fassarawa da Turanci. Wallahi irin wannan Turawa ke so, labari na gaske daga bakin masu wurin. Can Kenya har ƙauye ake kai su. In an tsara, gidan nan ma zai amfana."

Tsohuwar ta sauke zanen tana kallonsa, ba ta gane abin da yake so ba. Har ta fara gyara zama don ta juya, saboda baƙo ne ya roƙa. Ƙanwata ta sunkuyar da kai ƙasa kamar ta nutse.

Sai Inna ta yi magana. Ba ta bi ta kan ƙanwata ba, ba ta kalli gefe ba. Ta dube shi cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da ya shigo danginmu.

"Kai. Aje abin ga. Ɗanta ne anka tattake, ba wasa munka zo kallo ba. Tashi ka tahi mota ka jira mu."

Ba ta ɗaga murya ba. Ya buɗe baki, ya dubi ƙanwata, ya dube ni, ba wanda ya taimake shi. Ya tashi ya fita, igiyar hular tana lilo a haɓarsa. Muka zauna har la'asar. Inna da yayarta suka koma Dandanci suna magana ƙasa-ƙasa, suna riƙe da hannun juna. Aka kai masa tuwo mota, ya cinye tas, aka dawo da kwano.

A hanyar dawowa na ɗauka kunya za ta rufe masa baki. Ta rufe har Malanbil. Muna barin garin ya yi gyaran murya ya ce matsalar mutanenmu ita ce rashin wayewa, ba su san darajar abin da Allah ya ba su ba, shi ya sa Kenya ta yi mana nisa. Inna ta jingina kai da gilashi ta rufe ido.

Kamfanin bai buɗu ba, Bature ko ɗaya bai kwana Bagudo ta dalilinsa ba. Amma hoton nan na jikin allo ya zagaya wayoyin gari, da rubutu a ƙasa wai ziyarar aiki a gandun dajin Benin. Mutane suka yi ta yi masa barka. Ba a daɗe ba aka kafa wani kwamitin bunƙasa yawon buɗe ido, aka sa shi a ciki a matsayin wanda ya san harkar. Yana nan har yau, ana kiransa taro, yana zuwa da rigar aljihuna.

Ƙanwata tana gidansa, da 'ya'yansu, kuma ba na cewa yana zaluntarta, ba ya rage ta da komai. Ranar salla yakan zo ya durƙusa ya gaida Inna, ta amsa tana kallon bango kamar dā. Ni kuwa na sauya wurin zama da la'asar, na koma rumfar wani abokina mai sayar da taki a bakin kasuwa. Warin wurin yana hawa kai, amma mijin ƙanwata ba ya iya jure shi, don haka bai taɓa biyo ni can ba.