Kwamfutar Madam Rifkatu a Hanyar Damari

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da aka ƙwace kwamfutar Madam Rifkatu a hanyar Damari. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan ƙorafin ina takura muku a kan kulle folda da kashe kwamfuta. To, ku ji dalili.

A lokacin ni ne jami'in kula da kwamfutoci a wata ƙungiyar agaji mai ƙaramin ofis a Magajin Gari, cikin Birnin Gwari. Shugabar ofis Hajiya Mairo ce. Madam Rifkatu kuwa, 'yar kudancin Kaduna da ta girma a nan, ita ke kula da matan da suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa da mutane a daji. Aikinta ta zauna da su ta saurare su. Wadda ta amince, sai a ɗauki muryarta domin likitarmu da ke Kaduna ta ji, ta san irin kulawar da ta dace. Abin da ke cikin muryoyin nan, wata ko mijinta ba ta faɗa wa ba. Wasu har sun ambaci mutanen da suka gane a dajin, waɗanda suke haɗuwa da su a kasuwa.

Kwamfutar hannu ɗaya ce ke zuwa ƙauyuka, kuma ma'aikata da dama ke amfani da ita. Shi ya sa na sirranta wa kowa foldarsa daban. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba fanninsu ba ne. Faswod, wato kalmar sirri ta shiga kwamfuta, shi kaɗai ba ya tsare komai, domin wanda ya san aiki zai zare faifan ajiyar, ya jona a wata kwamfutar, ya karanta abin da ke ciki. Amma idan an sirranta folda, duk fayil ɗin da aka saka, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar za ta dagula shi kafin ta rubuta shi a faifan, har da sunansa. Makullin da ke warware shi kuma a kulle yake da faswod ɗin mai foldar. Idan ta shiga, za ta ga komai yadda ta bar shi. Idan ta kashe, sai tarkacen haruffa. Folda ɗaya kawai na bari a buɗe, wadda muke kira ta kowa, inda hotunan wayar da kai da takardun sanarwarmu suke.

Wata Laraba ce cikin damina, dawa ta yi tsayi. Gab da la'asar motarmu da ta kai Madam Rifkatu garin Damari ta shigo harabar ofis, babu ko jaka ɗaya a cikinta. 'Yan bindiga ne suka tare su, suka kwashe wayoyi da kaya, har da kwamfutar. Allah Ya kiyaye ba su tafi da kowa ba. Madam Rifkatu ta shigo ba takalmi, ta zauna a ƙasa, ko ruwan da aka miƙa mata ba ta kalla ba.

"Isiyaku, na kashe matan nan," in ji ta. "Na yi musu alkawari ba mai ji."

Hajiya Mairo ta juyo wurina. "Malam Isiyaku, gaskiya nake so, ba lallashi ba. Za su iya buɗewa?"

Na ce, "Hajiya, amsar tana wurin Madam. Madam, da kika gama aiki, kin kashe ta gaba ɗaya, ko murfi kawai kika rufe?"

Tambayar tana da muhimmanci, domin idan murfi kawai aka rufe, kwamfutar barci take yi, makullin yana nan a ƙwaƙwalwarta, foldar kuma a buɗe. Madam ta dafe kai, ta ce ba za ta iya tunawa ba. Can sai ta ɗago.

"Na kashe! Inna Ladi ce ta ƙarshe. Ta ce ba za ta tashi ba sai ta ga fitilar ta mutu, wai kada abin ya ci gaba da sauraronta. Har juya mata na yi ta gani."

Na ce, "To, Hajiya, ƙarfe kawai suka ɗauka."

Muka bi ƙa'ida. Aka sanar da jami'an tsaro da babban ofis, ni kuma na soke duk izinin da kwamfutar ke da shi na shiga ma'ajiyar bayananmu ta Kaduna. Sai Hajiya ta ce akwai sauran abu guda: dole a faɗa wa matan da bakinmu kafin su ji a bakin wani. Da hanya ta lafa, aka ba mu rakiya, muka tafi Damari ni da Madam.

A tsakar gidan Inna Ladi suka taru. Dattijuwa ce mai kaifin ido. Da Madam ta gama bayani tana hawaye, sai ta dube ni.

"Ɗana, muryata tana ciki ko ba ta ciki?"

"Tana ciki, Inna. Amma kamar an haɗa gero da dawa da masara ne an niƙa. Ba mai iya ware su sai Madam."

Ta ce, "Allah Ya sa haka ne." Daga ranar matan suka daina zuwa zama. Ban ga laifinsu ba. Na san gaskiya na faɗa, amma ba ni da abin da zan nuna musu.

Damina ta kusa janyewa, sai ga Malam Ɗanjuma, mai gyaran waya da kwamfuta a bakin tasha, ya shigo ofis da ƙunshi a cikin buhu. Da ya kwance, sai ga kwamfutarmu. Ya ce wani mutum ne ya kawo masa, wai a kasuwa ya saya, yana so a buɗe masa. Ya zare faifan ya jona a tasa kwamfutar. Foldar kowa ta buɗe, ya ga takardun sanarwa da sunan ofishinmu. Sauran kuwa, duk dabarar da ya sani ya gwada, ko sunan fayil ɗaya bai iya karantawa ba. Da ya matsa wa mutumin ya faɗi wanda ya sayar masa, sai mutumin ya fita bai sake dawowa ba.

Na duba kwamfutar sosai don tabbatar da ba a dasa mata wani abu ba, sannan Madam ta saka faswod ɗinta. Muryoyin suna nan, ba abin da ya taɓa su.

Hajiya ta roƙi Malam Ɗanjuma ya bi mu Damari, ya yarda. A gaban matan ya ce, "Iyayena, wannan sana'ata ce, da ita nake ci. Wallahi na yi iya yina, ban ji ko tarin ɗayanku ba." Wasu suka yi dariya, abin da ban taɓa ji a gidan nan ba.

A zama na gaba tabarmar Madam ta cika. Inna Ladi ta zo riƙe da hannun wata matashiya da ta daɗe da dawowa daga daji ba ta yi wa kowa magana ba. Ta zaunar da ita ta ce, "Faɗa mata komai, 'yata. Wurin nan ana rufe baki."

Abin da na koya ke nan. Mu masu wannan aiki muna ganin fayil ne da folda, amma kowane ɗaya amanar wani ce da ya ba mu cikin rauninsa. Kullewar da kuke gani kamar ɓata lokaci, ita ce alkawarin da ke tsayawa a madadinmu ranar da aka ƙwace komai daga hannunmu. Don haka idan kun gama aiki, ku kashe kwamfutar gaba ɗaya, sannan ku ɗauki jaka.